Jarabawar tarihin fasaha ta ƙarato, kuma ina son in yi dosiye bisa masallacin Yama, ku ba ni shawara

Ƴar Badagishiri

Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina wuninku ina gajiya. Dan Allah waɗanda sunka riga mu yin darasin tarihin fasaha a fak, wato jami'a, ku taimaka mini, ni ɗaliba ce aji biyu na lisans nan Yamai, saura sati ukku mu shiga jarabawar ƙarshen samestir kuma wallahi hankalina ba kwance yake ba.

Ga abin da ya hwaru. Watan jiya munka yi debuwar, wato gwajin cikin aji, malam ya kunna forojekta ya haska muna hoto guda a bango, zanen Géricault, wani mai zane Bafaranshe, na mutanen da ke bisa katakai tsakiyar teku, ya ce ku yi komanter, wato sharhin hoton, awa biyu. Ni ko na yi murna don na hardace labarin kamar karatun allo, na rubuta cewa jirgin Faransawa ne mai suna Méduse, ya kahe a gaɓar Muritaniya a 1816 shina kan hanyar zuwa Senegal, mutum wajen 147 anka ɗora bisa katakan, bayan kwana 13 mutum 15 kaɗai anka iske da rai, an nuna zanen a Faris a 1819, yanzu shina gidan tarihin Luvur, har girmansa na saka cewa ya ɗara mita 7 a faɗi. Shafi huɗu cif na cika. Da takardu sunka dawo 8 bisa 20 na samu, a ƙasa ya rubuta da jan bik, ina hoton? Bayan kur na bi shi na tambaya cikin ladabi, ya ce duk abin da na rubuta gaskiya ne amma wanda bai taɓa ganin zanen ba ma zai iya rubuta shi. Na yarda da maganarsa, sai dai har yanzu ban gane mi ake son mutum ya rubuta ba in ba tarihin ba. Hotunan da munka gani samestirin ga sun hi hamsin, daga tsoffin kayan fasahar Nok da Ife na Najeriya har masu zanen Turai su Mone da Pikaso.

Na biyu kuma akwai dosiye na shafi 10 da za mu miƙa ranar jarabawa, kowa ya zaɓi abu guda ya yi nazarinsa. Kusan duk ƴan ajinmu Mona Lisa ko Pikaso sunka ɗauka don komi na intanet. Ni zuciyata na ga masallacin Yama, wani gari cikin jahar Tawa, dangin innata can suke, tun ina ƙarama in munka je biki nike tsayawa in yi ta kallon hasumiyoyinsa. Amma ina jin tsoro kada a ce ginin laka na ƙauye ba shi cikin darasin, ko in rasa abin karantawa in ƙare da shafi ukku. In ɗauka ko in bari? Na gode, Allah shi saka da alheri.

Tsohon Ɗalibi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada takwas ɗin nan ta karya miki gwiwa, yawancinmu ta nan muka bi, tun daga lise an saba mana da cewa wanda ya fi hadda shi ya fi ci, sai ka zo wannan darasi ka tarar ido ake gwadawa kafin ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fisshe ni shi ne na daina taɓa bik a minti goma na farko. Ki zauna ki kalli hoton kawai, sannan a buruyon ki rubuta abin da idonki ya gani kamar kina faɗa wa kakarki da ba ta wurin, mutum nawa, ina suka fuskanta, ina haske ya fito ina ya faɗa, wane launi ya yi rinjaye, idonki ina ya fara sauka daga nan ina ya bi. Wani masani Bajamushe, Panofsky, ya tsara abin hawa uku tun 1939 kuma har yau malamai da yawa shi suke bi: farko abin da ake gani, na biyu labarin da abin ke nunawa, na uku me ya sa aka yi shi haka a wannan zamani a wannan wuri. Ke hawa na biyu kika faɗa kai tsaye kika zauna a ciki awa biyu.

Bari mu ɗauki zanen naki. Ki buɗe shi a waya yanzu ki duba, a ƙasa ta gabanmu gawarwaki ne, har ƙafar wata ta kusa fitowa daga hoton (in na tuna daidai akwai wadda rabinta ke cikin ruwa ta dama), ga wani dattijo zaune ya riƙe gawar saurayi ya juya wa kowa baya, shi ya riga ya fid da rai. Daga nan jikkuna suna ta hawa bisa juna zuwa dama, hannuwa a miƙe, har a kai ƙololuwa inda wani baƙar fata ya hau ganga yana kaɗa ƙyalle, kamar tsibi mai kusurwa uku. Akwai tsibi na biyu ta hagu, sandar jirgin da igiyoyinta da filafilanta, iska ta cika filafilan tana jan su zuwa hagu wajen wata babbar igiyar ruwa, alhali jirgin da suke yi wa alama, Argus, yana can dama nesa ƙarami kamar ɗigon tawada sai kin matsa ido. To kin ga mutanen na ja dama iska na ja hagu, duk tashin hankalin zanen a nan yake, kuma ba ki buƙatar littafi ko ɗaya ki gan shi. Launi ma duk ƙasa-ƙasa ne da baƙi, ba shuɗin teku mai daɗin kallo.

Sai bayan wannan ki kawo haddarki, a nan za ta yi amfani. Kyaftin ɗin jirgin mutum ne da ya yi shekaru fiye da ashirin bai tuƙa jirgi ba, an ba shi muƙamin ne bayan dawowar sarauta a Faransa, shi ya sa zanen ya zama tonon silili ga gwamnati. Kuma ki tambayi kanki me ya sa a 1819, lokacin da ake ta jayayya kan fataucin bayi, mai zanen ya ɗora baƙar fata a saman kowa, shi ne begen sauran. Wannan tambaya ita ce poroblematik ɗinki, wato babbar tambayar da rubutunki zai amsa. Ranakun nan da kika jera duk za su shiga, amma kowace ta shigo don ta bayyana wani abu da kika riga kika nuna a hoton.

Don ki saba, ki tafi muze Boubou Hama ranar da ba ki da kur, ki tsaya gaban abu guda, ko sirdi ko tukunya ko rigar sarauta, ki yi wa ƙawarki saƙon murya ta WhatsApp na minti uku kina siffanta shi ba tare da kin faɗi sunansa ba, ita kuma ta zana abin da ta ji. In ta zano wani abu daban kin san inda bakinki ya gaza. Mun yi haka da abokina sau da yawa kuma ya fi mana karatun dare amfani.

Maman Nana

Yaya Tsohon Ɗalibi ya yi magana mai kyau amma ni ina tsoron kada ki ji ta ki watsar da hadda gaba ɗaya. Mu a namu lokaci jarabawar kashi biyu ce, kafin komanter akwai wurin da ake haska hotuna ɗaya bayan ɗaya da sauri ka rubuta wa ya yi, yaushe, da me aka yi, ina yake yanzu, a nan ba wani dogon kallo, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ki tambayi malaminku tun yanzu ko haka zai yi. Maki biyar ko shida da ake samu a nan su ke raba mutum da ratrapaj, wato sake zama jarabawa, kuma kin san darasi guda in ya maƙale kiredi 30 na samestir ba su cika ba sai ka yi ta jan sa.

Ni ƴan katuna na yanka da kwali, gaba lambar hoton baya bayanin, ina juya su cikin taksi da layin resto. Kuma ban haddace kowace shekara ba, turaku na kafa na ɗaure saura a jikinsu. 1874 nunin farko na su Mone a Faris, 1897 Turawan Ingila suka kwashe kayan tagulla na fadar Benin ta Najeriya, 1907 Pikaso ya yi zanen matan nan biyar na Avignon a shekarar da ya je ya ga kayan sassaƙar Afirka a gidan tarihin Trocadéro, 1937 ya yi zanen Guernica, 1938 aka tono kawunan tagulla a Ife. In an haska miki abin da kika manta shekararsa ki ce farkon ƙarni na 16 ko ƙarshen na 19, ya fi ki ƙirƙiro lamba. Wani abu kuma, kada ki yi bita da fotokopi baƙi da fari, launi rabin aikin ne, ki sauke hotunan duka a waya ranar da rezo ke da kyau don in kuran ya tafi ko megas sun ƙare kina da abinki.

Batun dosiye gaskiya ni ba zan ba ki shawarar Yama ba, ba don ba fasaha ba ne, don lokaci. Sati uku ne, Yamai zuwa can tafiyar yini ce, ga kuɗin mota ga bita. In kina son abin gida ki ɗauki wanda an riga an yi rubutu a kansa da faransanci. Ni raƙuman dawa na Dabous na yi, waɗanda aka sassaƙa jikin dutse a Ayar arewa da Agadas, babbar ta kai mita 5,4, Christian Dupuy ya sanar da su ga masana a 1987, a 1999 aka ɗauki samfurinsu, kuma kowace akwai layi da ya sauko daga bakinta zuwa wani ɗan mutum a ƙasa, a kan wannan layi kaɗai na cika shafi uku. Ko ki ɗauki Bura wajen Tera, inda aka ci karo da tukwanen kaburbura a 1975, Boubé Gado na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ya yi haƙa a 1983, ga mutum-mutumin mahayin doki na yumɓu da aka samu can, ga batun sata da ta yi yawa har a 2000 aka sa kayan Bura cikin jan jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Wannan duk kina zaune Yamai za ki same shi, laburaren IRSH na nan.

Abu guda dai, ko me kika zaɓa kada ki kwafo daga intanet ko ki ce ChatGPT ya rubuta miki. Malami in ya karanta Mona Lisa ashirin masu jimla iri ɗaya ya san abin da ake ciki, tambaya biyu zai yi miki ta baka asiri ya tonu.

Malam na Tawa

Salamu alaikum. Ɗiyata, ni tarihi da labarin ƙasa nike koyarwa a lise nan Tawa, na jima ina karanta abin da kuke rubutawa ban cika sa baki ba, amma wagga magana ta taɓa ni.

Ki ɗauki Yama. Wanda duk ya ce miki ba shi cikin tarihin fasaha ki gaya mishi a 1986 masallacin ga ya ci kyautar Aga Khan ta tsarin gine-gine, kyautar da manyan masu zanen gini na duniya ke nema, kuma wanda ya gina shi, Alhaji Falke Barmu, manomi ne magini ɗan garin, bai yi lakwal ɗin gini ba. Na sha kai ɗalibaina can, yaro ya girma kilomita kaɗan daga wurin amma bai san haka ba sai ya ji a bakina, abin na ci mini rai ƙwarai.

Ga ƙashin bayan aikinki. A 1962 anka hwara ginin, ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai da rufin azara, mutanen gari sunka haɗa hannu, wasu buga tubali wasu ɗibar ruwa wasu kawo itace, mai hali ya ba da hatsi ko kuɗɗi. A 1975 da rufin ya nemi gyara Falke bai maida shi yadda yake ba, sai ya ɗaure bakuna ya tada tulluwa, wato ƙubba, a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu, kowace kusurwa guda, kuma ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Kin gani, shekara 20 gini guda na girma hannun mutum guda, kina iya karanta yadda tunaninsa ya sake daga ƙasa zuwa sama. Wane zane na Turai za ki samu da za ki zagaya shi da ƙahwa, ki taɓa, ki tambayi waɗanda ubanninsu sunka ɗauki lakarsa a kai?

Maganar Maman Nana ta lokaci gaskiya ce, ban raina ta ba, sai dai kwana biyu sun isa in kin shirya. Abin karantawa kuma akwai, a shahin intanet na kyautar Aga Khan da na Archnet za ki iske hotunan shekarun can da zanen tsarin ginin, galibi da ingilishi ne amma zane ba ya son tafinta. Ki sauke su kahin ki taso, in kin zo ki gwama da abin da ke tsaye yau, mi ya sake mi ya rage, wanga kaɗai shafi biyu ne da ba wanda zai same su ajinku.

In kin iso kada ki hiddo waya ki hau ɗauka. Ki sa kawunki ya kai ki ki gaida maigari da liman, ki gaya musu ke ɗiyar wance ce kuma karatu ya kawo ki, ki nemi izni, su za su gaya miki lokacin da za ki iya leƙa ciki tsakanin salloli da inda za ki tsaya. Ki ɗauki hoto da sahe da kuma bayan la'asar daga wuri guda, don ginin laka inuwa ce ke hiddo adonsa, da tsakar rana duk shahe yake. Ki auna abin da kike iyawa ko da taki ne. Ki nemi tsohon magini ki zauna ki saurara, ki rubuta kalmominsa yadda ya hwaɗe su, baka, azara, tulluwa, zanko, indararo, yaɓe, ki saka su cikin dosiye da Hausa ki yi bayaninsu da faransanci, kada ki ji kunyar haka ko kaɗan.

In da sauran lokaci ki ambaci Dandaji, nan cikin jaharmu, inda tsohon masallacin da Falke ya tsara anka maida shi laburare, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sunka gina sabo kusa da shi anka gama a 2018. Ko ki gwama da hasumiyar Agadas mai mita 27 wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2013, ita guda ce tilo mai tsini da itatuwa sun huhhuto mata, shi ko Falke huɗu ya yi kowace da halinta. Amma kada ki tara da yawa, shafi 10 ba su da yawa.

Ɗan Harobanda

Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni ina aji ɗaya, abin da ke damuna hotunan mutum-mutumin Girka da na Italiya da ba sutura, in irinsu ya fito a jarabawa ban san yadda zan yi awa biyu ina siffanta shi ba, zuciyata ba ta natsuwa. Akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali?

Tsohon Ɗalibi

Ƙanena ba kai kaɗai ba ne, ni ma na ji haka. Na je na sami malaminmu ni kaɗai na faɗa masa cikin mutunci, ya saurare ni, kuma sau da yawa ana ba da batu biyu ka zaɓi ɗaya, ni gini nake ɗauka duk lokacin da ya fito, shi ya sa na ƙware a kubbar cocin Fulorans a Italiya wadda Brunelleschi ya gina, da masallacin Kurɗuba a Sifen da na Jenne a Mali. In ba zaɓi kuma, ka yi maganar yadda nauyin jiki ya sauka kan ƙafa ɗaya, da irin dutsen, da ma'auni, da wanda ya sa aka yi da dalilinsa. Ta ɓangaren addini kuwa ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ni ba zan yi maka fatawa ba.

Ƴar Badagishiri

Na gode muku duka, Allah shi bar zumunci. Yau da sahe na sami malam a biro na gaya mishi batun Yama ina ɗari-ɗari, sai ya aje bik ɗinsa ya ce shekara nawa shina jiran wani ya kawo mishi wanga. Ya yarda amma da sharaɗi biyu, hotunan su zama nawa na kaina in rubuta rana da lokacin da na ɗauki kowane, kuma kada in ce zan yi masallacin duka, in tsaya bisa hasumiyoyin huɗu in siffanta kowace daban kahin in ce komi game da ma'anarsu. Anti Maman Nana na tambaye shi batun haska hotuna da sauri, ya ce akwai, guda goma, don haka daren jiya ma na riga na hwara yanka kwali, na yi sha biyu. Yaya Tsohon Ɗalibi na sake buɗe zanen Géricault, wallahi sai da na ƙara girman hoton sau ukku kana na ga jirgin Argus, wata guda ina hardar sunansa ban san inda yake cikin zanen ba.

Na kira kawuna, ranar alhamis da asuba zan shiga mota in Allah ya yarda in komo lahadi. Baba Malam tambaya guda, in na samu tsohon maginin in ɗauki muryarsa a waya ko in rubuta kawai? Kuma ya zan saka maganarsa cikin dosiye tunda ba littahi ba ce?

Malam na Tawa

Ki tambaye shi tukuna, in ya yarda ki ɗauka, in ya nuna bai so ki maida wayar jaka ki hiddo kaye. A ƙasan shahin ki rubuta hira ce, da sunansa in ya ba ki izni, da sana'arsa, da garin, da ranar, haka masu tarihin baka ke yi kuma malaminku ya san da haka. Ki tahi mishi da goro da sukari. Juma'a masallacin cike yake, ki bar aune-aune sai asabar da hantsi, ranar juma'ar ki tsaya nesa wajen mata ki ga ta wace ƙohwa jama'a ke shiga da inda sahu ke kaiwa in ciki ya cika. Allah shi kiyaye hanya, ki gaida kawun naki.